Karatun Lantarki da Bashin Gida a Matameye

Da zarar sakamakon jarrabawar BEPC da ta bakaloriya ya fito, sai shawara ta tashi a gidaje da yawa na Matameye: yaro ya ce aikin lantarki yake son koya, to ina za a kai shi, kuma da me za a biya? Sakamakon nan yana fitowa ne da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, kuɗi ya yi wuya a hannun kowa. A cikin wannan ƙunci ake yanke shawarar da za ta bi gida shekaru.

Zaɓin yaron ba na banza ba ne. A Nijar har yanzu waɗanda ke da wuta a gida ba su wuce mutum ɗaya cikin biyar ba, a karkara kuwa abin ya fi haka ƙaranci. Wutar Damagaram da Maraɗi ta daɗe tana zuwa daga Najeriya, ta layin da ya taso daga Katsina ya shigo Gazawa. Da Najeriya ta yanke wuta a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, mai shagon ƙanƙara da mai cajin waya da mai walda duk sun ɗanɗana, mutane da yawa kuma suka koma ga sola. An mai da wutar a watan Maris na 2024, amma wanda ya saba da faifan sola a kan rufinsa bai sauke shi ba. Ga kuma lambunan Korama, inda rake da rogo da kayan miya suka dogara da injin ban ruwa. Duk wannan na neman hannun da ya san waya da batir.

Aiki dai akwai shi. Abin da ake gaggawar tsallakewa shi ne lissafin tsakanin kuɗin da za a kashe da kuɗin da za a samu, da kuma tazarar lokacin da ke tsakaninsu.

Hanyoyin koyon sana'ar suna hawa-hawa ne. Tsarin gwamnati shi ne kowace ƙaramar hukuma ta samu cibiyar koyon sana'a ta CFM, kowace gunduma ta samu kwalejin fasaha ta CET, manyan biranen jihohi kuma su samu CFPT, inda ake neman takardun CAP da BEP. Sama da su akwai makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, sai sashen lantarki na IUT ɗin jami'ar Maraɗi da makarantar EMIG a Yamai. A gefe guda kuma ga makarantu masu zaman kansu da ke shirya ɗalibi shekara biyu don jarrabawar BTS ta ƙasa. Nan ne kuɗi yake tafiya, kuma nan ne iyaye suka fi karkata, domin sunan takardar ya fi daɗin faɗa a cikin dangi.

Kuɗin makaranta ma ba shi ne duka ba. Yaron da ya bar Matameye zuwa Damagaram ko Maraɗi sai ya ci, sai ya kama ɗaki in ba shi da gidan sauka, sai kuɗin mota, sai na takardu. Kuma hannunsa ya fita daga gona, wanda shi ma asara ce da ba a rubuta ta. Wanda ya dace da tallafin hukumar ANAB ya samu sauƙi, sai dai ba kowa ke samu ba, kuma ɗalibai sun sha yin kukan jinkirin biyansa.

A Amurka, inda bashin karatu ya haura dala tiriliyan 1.6, sunan ɗalibi ne a kan takarda, shi zai biya bayan ya gama. A Najeriya, tun 2024, asusun NELFUND yana ba ɗaliban makarantun gwamnati rance ba ruwa, biya kuma sai shekara biyu bayan an gama bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Ɗan Daura da ke tsallaken iyakar Kwangwalam yana iya nema. Ɗan Matameye da ke wannan gefen iyakar Ɗan Barto ba ya cikin tsarin. A nan bashin karatu bashin gida ne. Uwa ce za ta kwashi adashinta ko ta sayar da tunkiya. Uba ne zai karɓi kuɗi a hannun ɗan kasuwa ya biya da gero in kaka ta yi, a farashin kaka, lokacin da tiya ta fi arha. Wani ya jira saƙon ɗan'uwa daga Kano ko Libiya ko Aljeriya. Wani kuma, in abin ya ƙi, ya ba da gona jingina.

A gani na, a nan ne ya kamata a tsaya a yi dogon tunani. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowane bashi ne ya dace da karatu ba. Karatu yana ɗaukar shekara biyu ko uku kafin ya kawo ko dala ɗaya, alhali rancen da ake samu a garuruwanmu an yi shi ne don kasuwanci mai juyawa cikin watanni.

A ɗauki misali da alƙalami. Dokar ƙasashen da ke amfani da sefa a Yammacin Afirka ta ƙayyade cewa ƙananan cibiyoyin ba da bashi kada su wuce ruwan kashi 24 cikin 100 a shekara. In mutum ya ranci jika 300, wato sefa 300,000, a kan wannan iyaka, ruwan shekara guda jika 72 ne, wato jika 6 kowane wata, uwar kuɗi ba a taɓa ta ba, yaron kuma yana aji bai fara samu ba. To a kwatanta da albashi. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 a farkon 2024. A 2014 gwamnatin Amurka ta sa wa makarantun koyon sana'a ma'auni: ana ganin shiri ya ci sunansa idan abin da mai takardar ke biya na bashi bai wuce kashi 8 cikin 100 na abin da yake samu a shekara ba. In aka ɗora wannan ma'auni a kan 42,000, abin da za a iya biya a wata sefa 3,360 ne. A ce ma yaron ya dace da ninkin wannan albashi, 84,000. Kashi 8 ɗinsa 6,720 ne, da ƙyar ya rufe ruwan kawai. Wannan fa ban da maganar riba, wadda gidaje da yawa ba sa yarda su kusance ta saboda addini.

Jinginar gona ba ta da ruwa a baki, shi ya sa ake ganin ta fi sauƙi. Amma duk damanar da ta wuce gonar tana hannun wani, amfaninta ya tafi, kuma a nan ƙasar Kantche, inda jama'a ta yi yawa gonaki suka tsuke, gonar da ta daɗe a jingina fansarta wuya take yi. Ina ganin babu takardar shekara biyu da ta kai a ba da gonar gado dominta.

Ina kuɗin yake a wannan sana'a? Kowane uba yana mafarkin kamfanin wuta na NIGELEC ko matatar mai ta SORAZ da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011, ko kamfanonin sadarwa masu buƙatar mai kula da wutar eriyoyinsu. Guraben nan akwai su, albashinsu kuma mai kyau ne, amma kaɗan ne, masu nema daga ko'ina cikin ƙasa suke, kuma sau da yawa sai an yi watanni ana aikin gwaji kafin a ɗauki mutum. Wanda ya gina lissafin biyan bashi a kansu ya dogara da abin da ba ya hannunsa. Yawancin masu takardar za su ci abinci ne daga aikin hannu: jan waya a sabon gini, haɗa sola a gida ko shago ko masallaci, gyaran firji da fanka, naɗin injin jan ruwa. Kuɗin wannan aiki yana bin yanayi. Bayan kaka ana gini ana saye, da zafi fanka da firji suna lalacewa, da damina kuwa kasuwa ta kwanta. Mai bin bashi shi kuma kowane wata yake zuwa.

Akwai wani kashe kuɗi da kusan kowa yake mantawa da shi, wato kayan aiki. Yaro ya dawo da takarda, an kashe komai a makaranta, ba shi da na'urar auna wuta, ba injin huda bango, ba tsani, ba babur da zai kai shi ƙauyukan da aikin sola yake. Sai ya koma yaron wani maigida yana karɓar abin da aka ba shi, ko ya bi hanyar ci-rani. In har za a ci bashi, a wannan gaɓa ya fi dacewa, domin kayan aiki suna fara mai da kuɗinsu tun makon farko.

Shi ya sa nake ganin hawa tsanin daga ƙasa ya fi wa gida mai ƙaramin ƙarfi. Yaro ya fara da cibiyar gwamnati mafi kusa, yana kwana a gida, yana bin wani gwani da yamma da lokacin hutu. Asusun FAFPA ma an kafa shi ne don tallafa wa irin wannan koyo na sana'a. In ya samu CAP ko BEP ya fara riƙe kuɗi, shi da kansa yana iya biyan mataki na gaba. Yarinya ma hanyar a buɗe take gare ta, kuma akwai cikin gidajen da mace ce kaɗai za a bari ta shiga ta yi gyara.

Wanda kuma ya ƙudura sai makaranta mai zaman kanta, to ya je da ƙafarsa kafin ya biya ko jika ɗaya. Ya nemi ganin izinin gwamnati na wannan fanni, ba na makarantar kawai ba. Ya shiga ɗakin gwaji ya ga ko ɗalibai suna taɓa waya da hannunsu ko a allo ake zana musu. Ya tambayi mutum nawa suka ci jarrabawar ƙasa bara, sa'an nan ya nemi biyu ko uku cikin waɗanda suka gama shekara biyu da suka wuce, ya ji daga bakinsu inda suke aiki da abin da suke samu a wata.