ƘARIN JINI A CIKIN ƘASHI: A ƊAUKI HOTO KAFIN A YI ƊORI

Jama'a, da yawa daga cikinmu suna zaton ƙashi busasshen abu ne kamar itace. Ba haka ba ne. Ƙashi yana da rai. Babban mutum yana da ƙasusuwa 206 a jikinsa, kuma akwai ƙananan jijiyoyin jini da suke ratsa kowane ɗaya suna kai masa abinci. Duk wanda ya taɓa fasa ɗanyen ƙashin rago ya ga ɓargo da jini a ciki.

Wani lokaci waɗannan jijiyoyi sukan yi girman da ya wuce ƙa'ida. Sai su cure wuri ɗaya su zama ƙari. Ƙarin yakan ci ƙashi daga ciki, kamar yadda gara take cin azara. Daga waje azara tana nan lafiya lau, amma cikinta ya zama rami. Wannan ciwo ba maita ba ne, ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa daga wani.

IRE-IRENSA

Likitoci sun kasa wannan ƙari gida-gida. Ga manya guda uku.

Na farko shi ne mai sauƙi. Likitoci suna kiransa hemanjiyoma. Ba ciwon daji ba ne. Ya fi zama a ƙashin baya da ƙoƙon kai. Kusan mutum 1 cikin 10 yana da shi a ƙashin baya, kuma yawancinsu har su tsufa ba su san da shi ba. Amma a jikin wasu kaɗan yakan girma ya danne laka. Idan haka ta faru ƙafafu sukan yi nauyi, har su shanye. Mace mai tsohon ciki tana iya gamuwa da wannan, domin jini yana ƙaruwa a jikinta a wannan lokaci.

Na biyu ciwon daji ne, amma mai tafiya a hankali. Wasu likitoci biyu a Amurka, Weiss da Enzinger, su ne suka yi bayaninsa a shekarar 1982. Yakan fito a wurare da yawa lokaci ɗaya, misali a ƙasusuwa biyu ko uku na ƙafa ɗaya.

Na uku shi ne mafi tsanani. Sunansa anjiyosakoma. Yana girma da sauri, kuma yakan bi jini ya tafi huhu. Ya fi kama manya.

Kada hankalinku ya tashi. Na biyu da na uku ba su da yawa ko kaɗan. A cikin mutum 100 da ciwon daji ya fara musu daga ƙashi, da ƙyar a sami mutum 1 mai irin wannan. To, amma saboda ƙarancinsa ne ake saurin ɗaukarsa a kan sanyin ƙashi ko targaɗe, har lokaci ya ƙure.

ALAMOMIN DA ZA A LURA DA SU

1. Ciwon ƙashi a wuri ɗaya wanda ya yi makonni bai tafi ba, musamman mai hana barci da dare.
2. Kumburi a kan ƙashi wanda yake ƙara girma.
3. Karaya ba tare da wani dalili mai ƙarfi ba. Misali mutum ya yi ɗan tuntuɓe, ko ya ɗaga buhu, sai ƙashi ya karye.
4. Ciwon baya tare da nauyin ƙafafu, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida.

Waɗannan alamomi ba na ƙarin jini kaɗai ba ne. Tarin fuka yana kama ƙashin baya. Masu ciwon sikila suna fama da ciwon ƙashi. Ƙwayoyin cuta ma suna sa ƙashi ya yi mugunya. Ido ba ya iya rarrabe su, sai an yi gwaji a asibiti. Alama ta huɗu kuwa ba ta jira. A tafi asibiti a ranar.

ABUBUWA BIYU DA ZA A GUJE WA

Na ɗaya, kada a kai wa wanzami ya tsaga kumburin ko ya yi ƙaho a kansa. Wannan ƙari cike yake da jini. Idan aska ta taɓa shi, jini yana iya ɓallewa a kasa tsayar da shi.

Na biyu, kada a yi ɗori kafin a ɗauki hoto. Mai ɗori yana haɗa ƙashin da ya karye ne, amma hannunsa ba ya ganin abin da ke ciki. Ƙashin da ƙari ya cinye ba zai haɗu da karan ɗori ba. Za a yi wata biyu ko uku ana jira, ƙarin kuwa yana ta girma.

YADDA LIKITA YAKE GANE SHI

Da farko za a ɗauki hoton ƙashi. A hoton, wurin da ƙari ya ci yakan fito kamar rami, wani lokaci kamar saƙar zuma. Daga nan likita yana iya tura majiyyaci a yi masa hoton babbar na'ura, wadda ake kira siti-sikan ko em-ar-ai. Ita ce take nuna iyakar ƙarin, da ko ya taɓa laka.

Idan likita yana zargin mugun iri ne, zai sa allura ya ɗebo ɗan ƙaramin yanki na ƙarin. Za a duba shi da madubin likita mai ƙara girman abu. Wannan gwaji ne yake tabbatar da ko wane iri ne. Za a kuma ɗauki hoton ƙirji da sauran ƙasusuwa, don a ga ko ya bazu.

YADDA AKE MAGANINSA

Mai sauƙi wanda ba ya ciwo, ba a taɓa shi. Likita zai ce a bar shi kawai.

Idan yana ciwo, akan yi aiki a kankare shi, a cike ramin da wani ƙashi ko da simintin likita. Akwai kuma dabarar ɗura wannan siminti da allura a cikin ƙashin baya. An fara yin ta a garin Amiyan na ƙasar Faransa a shekarar 1984, kuma wata mace mai irin wannan ƙari a ƙashin wuya aka fara yi wa. Kafin babban aiki, likitoci sukan toshe jijiyar da take kai wa ƙarin jini, don kada majiyyaci ya zubar da jini da yawa.

Mugun iri kuwa, sai an yanke shi duka tare da ɗan lafiyayyen naman da ke kewaye da shi. Bayan haka akan ƙona wurin da haske mai ƙarfi na na'ura, ko a ba da magungunan ciwon daji ta jijiya. Idan an zo da wuri, sau da yawa akan ceci ƙafa ko hannu. Idan an makara, wani lokaci ba yadda za a yi sai an yanke gaɓar domin a ceci rai.

INA ZA A JE?

A fara da asibitin da ya fi kusa. A gaya wa likita yaushe ciwon ya fara, da yadda karayar ta faru. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su ba da takarda zuwa babban asibiti. Akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a shekarar 1959. Akwai kuma asibitocin koyarwa, kamar na Shika a Zariya da na Sakkwato. A riƙa adana duk hotuna da takardu a cikin leda, a tafi da su kowane zuwa. Ko an warke, a ci gaba da komawa ranar da likita ya sa, domin ƙarin yana iya dawowa.

Kai da ka iya karatu, ka karanta wa mutanen gidanku wannan bayani. Ka karanta wa mai ɗori da wanzamin garinku, domin su ne ake fara kai wa majiyyaci. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu lafiya, amin.