Zaɓen manhajar aiki a kwamfuta: Abubuwan da ya kamata a duba kafin a ɗora

Wanda ya sayi kwamfuta a Computer Village da ke Ikeja, ko a Banex Plaza da ke Abuja, ko a wata kasuwar kayan lataroni ta garinsu, galibi yakan karɓe ta a shirye. An riga an ɗora mata manhajar rubutu da ta lissafi da ta kallon bidiyo, sai dai a kunna a kama aiki. Ba kasafai mai saye yake tambayar inda manhajojin suka fito ba, ko suna da lasisi, ko har yanzu kamfanin da ya ƙirƙire su yana kula da su.

Alhali kuwa a cikin waɗannan manhajoji ne ake ajiye jadawalin albashin ma'aikata, da sakamakon jarrabawar ɗalibai, da lissafin bashin ɗan kasuwa, da kundin digirin da aka shafe shekara ana rubutawa. Duk ranar da manhaja ta ci amana, waɗannan ne suke salwanta. Don haka zaɓenta ya cancanci irin natsuwar da ake yi wajen zaɓen ita kanta kwamfutar: a dubi aikin da za a yi, da ƙarfin na'urar, da kuma tsaron abin da za a ajiye.

Wa'adin da ya cika

Duk sauran manhajoji a kan babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta suke zaune, don haka daga nan ya kamata a fara. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, kuma a wannan rana ce tallafin Office 2016 da Office 2019 ya ƙare. Kwamfutar da ke ɗauke da su za ta ci gaba da kunnuwa, takardu kuma za su buɗu kamar kullum. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren tsaro da kamfanin ke aikowa a kai a kai domin toshe ɓarakar da aka gano. Kamfanin ya buɗe wa ɗaiɗaikun masu Windows 10 shirin ƙarin wa'adi na shekara ɗaya, wanda ƙarshensa shi ne 13 ga Oktoba, 2026.

Haɗarin barin ɓaraka a buɗe ya fito fili a watan Mayun 2017, lokacin da manhajar garkuwa da bayanai ta WannaCry ta kulle fayiloli a kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, ta kuma nemi kuɗin fansa. Har asibitocin gwamnati a Ingila sai da aikinsu ya tsaya. Abin lura shi ne tun a watan Maris na wannan shekara Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar, kuma kwamfutocin da ba a sabunta ba ne suka faɗa tarkon.

Komawa Windows 11 na da sharuɗɗa. Ana buƙatar ƙwaƙwalwar aiki ta RAM mai aƙalla gigabait 4, da ma'ajiya mai gigabait 64, da na'urar tsaro ta TPM 2.0, sannan masarrafar ta kasance cikin jerin waɗanda kamfanin ya amince da su. Tsofaffin kwamfutoci na hannu da dama ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba, kuma manhajar PC Health Check ta Microsoft takan nuna matsayin kowace na'ura cikin ɗan lokaci. Wanda tasa ta gaza, ba dole ne ya jefar da ita ba. Linux Mint da Ubuntu kyauta ne, ana sabunta su a kai a kai, kuma suna tafiya a kan na'urori da yawa da Windows 11 ta ƙi karɓa, sai dai suna buƙatar ɗan lokaci kafin hannu ya saba.

Aiki ne ke nuna manhaja

Mafi yawan aikin ofis bai wuce abu uku ba: rubuta takarda, shirya jadawalin lissafi, da haɗa allunan gabatar da jawabi. Manhajojin da ke wannan aiki sun bambanta ta fuskar kuɗi da kuma dogaro da intanet.

Word da Excel da PowerPoint na Microsoft su ne aka fi sabawa da su a ma'aikatu da makarantu. Ana samun su ta hanyar Microsoft 365, wanda ake biya wata-wata ko shekara-shekara, ko ta Office 2024 da ake saye sau ɗaya. Akwai kuma na kyauta da ake buɗewa a shafin intanet, amma bai kai na cikin kwamfuta cika ba.

LibreOffice, wadda gidauniyar The Document Foundation ke kula da ita tun 2010, kyauta ce kuma halas ce a ɗora ta a kan kwamfuta ko nawa ne. Tana da Writer na rubutu, da Calc na lissafi, da Impress na gabatar da jawabi, kuma ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta. Ga makarantar da ke da kwamfuta talatin a ɗakin koyarwa, ko shagon buga takardu mai ƙaramin jari, wannan babban sauƙi ne.

Google Docs da Google Sheets sun fi dacewa inda mutane da yawa za su yi aiki a kan takarda ɗaya lokaci guda, kamar kwamitin da ke haɗa rahoto daga garuruwa daban-daban. Rauninsu shi ne dogaro da intanet. Ana iya aiki da su ba tare da data ba, amma sai an kunna wannan tsari tun da farko. Akwai kuma WPS Office ta kamfanin Kingsoft na ƙasar Sin, wadda fasalinta ya yi kama da na Microsoft, kuma nau'inta na kyauta yana zuwa da tallace-tallace.

Akantan da ke mu'amala da manyan jadawalai masu sarƙaƙiya da aka gina a Excel zai fi samun kwanciyar hankali idan ya biya kuɗin Excel ɗin. Malamin da aikinsa bai wuce buga tambayoyin jarrabawa da tattara maki ba, LibreOffice ta wadatar da shi. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Arahar manhajar sata

Hanyar da mutane da yawa suke bi ita ce ɗora manhajar da aka fasa makullinta. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta sanya manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa, don haka kwafarta ba da izini ba saɓa doka ne. Baya ga haka, ƙaramar manhajar da ake amfani da ita wajen fasa makullin takan buƙaci a kashe rigakafin kwamfuta kafin ta yi aiki, kuma babu wanda ya san abin da aka cusa a cikinta. Ta irin wannan ƙofa ce ake shigo da manhajojin da ke satar kalmar sirri ta imel da ta banki.

Ga ofishin da ke riƙe da bayanan jama'a, kamar asibiti ko makaranta ko ƙungiyar adashi, lamarin ya wuce asarar mutum ɗaya. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane alhakin tsare su. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, musamman da yake akwai na kyauta na halas ga kusan kowane aiki: 7-Zip na matse fayiloli, VLC na sauti da bidiyo, GIMP na gyaran hoto, Inkscape na zane, Thunderbird na imel. Sharaɗin kawai shi ne a sauke kowacce daga shafin masu ita na asali.

Takardar da za ta buɗu a wurin kowa

Takarda ba ta tsayawa a kwamfutar da aka rubuta ta. Word yana ajiye fayil a tsarin docx, LibreOffice kuma a tsarin odt, kodayake kowannensu yana iya buɗe na ɗan'uwansa. Matsalar takan taso ne a takardu masu teburori da hotuna da yawa, inda shafi goma yakan koma sha ɗaya, ko kanun magana ya zame zuwa wani shafin. Yana da kyau ofis ya tsayar da tsari ɗaya da kowa zai riƙa ajiya da shi. Takardar da aka gama, wadda ba a son kowa ya taɓa, kamar wasiƙar neman aiki ko takardar neman kwangila, a mayar da ita PDF kafin a aika ko a kai wurin bugawa, domin shi ne tsarin da ke riƙe fasalin shafi yadda aka bar shi.

Haruffa masu lanƙwasa

Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin abin dubawa. Tsakanin kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, lanƙwasa ɗaya ce ta raba ma'ana. A farkon zuwan kwamfuta babu waɗannan haruffa, sai da masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano suka ƙirƙiri nau'o'in haruffa na musamman domin cike giɓin. Wahalar wancan zamani ita ce dole wanda aka aika wa takardar ya kasance yana da irin haruffan a tasa kwamfutar, in ba haka ba rubutun ya rikice.

Yanzu tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin. A cikin Word ko Writer, idan aka buga 0199 sannan aka danna Alt da X tare, sai ƙ ta fito. Lambar ɗ ita ce 0257, ta ɓ kuma 0253. Mai yawan rubutu zai fi samun sauƙi idan ya ƙara tsarin madannan Hausa da ke cikin saitin harshe na Windows, ko ya ɗora manhajar Keyman ta kyauta. Kafin a tsayar da nau'in haruffan da za a buga littafi ko rahoto da shi, a gwada waɗannan haruffa manya da ƙanana, domin ba kowane nau'i ne yake ɗauke da su ba.

Sifilin da ke ɓacewa

Akwai wani kuskure da ke yawan faruwa a jadawalin lissafi, kuma yana iya jawo asarar kuɗi. Excel da Calc suna ɗaukar duk abin da aka buga da alƙaluma a matsayin adadi, don haka sukan share sifilin da ke farko. Lambar wayar da ta fara da 080 sai ta koma ta fara da 80, lambar asusun banki mai alƙaluma goma da ta fara da sifili sai ta koma tara. Excel kuma ba ya riƙe fiye da alƙaluma 15 daidai, abin da ya biyo baya yakan mayar da shi sifili. Maganin shi ne a saita layin lambobin waya da na asusu da na NIN a matsayin rubutu tun kafin a fara shigar da su. Jadawalin albashin da aka tura banki da lambobi guntaye yakan dawo ne, ma'aikata kuma su kwana suna jira.

Wuta da ajiya

Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, kwamfutar tebur na buƙatar batirin ko-ta-kwana na UPS, wanda zai ba da 'yan mintunan adana aiki kafin a kashe. Word yana ajiye kwafin gaggawa duk bayan minti goma, kuma ana iya rage wannan tazara a saitinsa, amma danna Ctrl da S a kai a kai ya fi komai tabbas.

Ƙa'idar da masana tsaron bayanai suka daɗe suna koyarwa ita ce a mallaki kwafi uku na duk fayil mai muhimmanci, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya daga ciki kuma ya kasance a wani wuri dabam. Asusun Google yana ba da gigabait 15 kyauta, OneDrive na Microsoft kuma gigabait 5, wanda ya ishi dubban takardun rubutu. Filashi shi kaɗai ba ma'ajiya ba ce da za a dogara da ita, domin yana ɓata, yana lalacewa, kuma yana kwaso cuta daga kwamfutocin da yake yawo a cikinsu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a biya kuɗin kwamfuta, ko a miƙa ta ga mai gyara ya ɗora mata manhajoji, ya kamata mai ita ya nemi sanin wace babbar manhaja ce a kanta, ko tana karɓar sabuntawa, da kuma lasisin kowace manhajar da ake biya. Sannan ya rubuta jerin ayyukan da yake yi a mako, ya ɗora abin da ayyukan suke buƙata, ya cire sauran.