Manomin Da Ya Ƙi Yi Wa Hitila Yaƙi

A ran 9 ga watan Agusta na 1943 aka fille kan wani manomi mai suna Franz Jägerstätter a kurkukun Brandenburg, yamma da birnin Balin, yana da shekara 36 a duniya. Laifin da kotun soja ta kama shi da shi kuwa shi ne ya ƙi ɗaukar bindiga ya yi wa Hitila yaƙi.

An haife shi ran 20 ga watan Mayu na 1907 a Sankt Radegund, wani ɗan ƙauye na ƙasar Ostiriya da ke bakin iyakar Jamus, cikin gundumar Braunau, wato gundumar da aka haifi shi Hitilan kansa. Mahaifinsa ya rasu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai mijin mahaifiyarsa ya riƙe shi, ya ba shi sunansa, daga baya kuma ya bar masa gona. A ƙuruciya dai Franz ba a san shi da yawan ibada ba. Ya yi ƙwadago a ma'adinan ƙarfe har shekara uku, ya komo gida da babur, irinsa na farko a ƙauyen, kuma ba ya gudun rigima in ta taso.

Aure ne ya sauya shi. A 1936 ya auri Franziska, mace mai riƙon addini, suka tafi ziyarar ibada birnin Rum. Tun daga nan suka riƙa karanta Littafi Mai Tsarki tare bayan sun tashi daga gona. Allah ya ba su 'ya'ya mata uku. A 1941 ya karɓi aikin kula da cocin ƙauyen na ɗariƙar Katolika, yana haɗa shi da noma da kiwon shanu.

Kafin wannan lokaci kuwa ƙasa ta riga ta rikice. A watan Maris na 1938 sojojin Jamus suka shiga Ostiriya, sa'an nan ran 10 ga Afrilu aka jefa ƙuri'ar raba gardama a kan haɗe ƙasashen biyu. An ba da sanarwa cewa fiye da kashi 99 cikin 100 sun amince. A ƙauyensu Franz kaɗai ya jefa ƙuri'ar rashin amincewa. An yi masa tayin shugabancin ƙauyen, ya ƙi karɓa.

An ɗauke shi horon soja a 1940, amma aka sallamo shi a 1941 saboda ana bukatar manoma. Ya komo da ƙudurin cewa yaƙin nan na zalunci ne, kuma wanda ya taimaka a cikinsa zai amsa tambaya gaban Ubangiji. Ya nemi shawarar limaman coci, har ya je gaban bishof na birnin Linz. Suka tuna masa hakkin iyali da ke wuyansa, suka ce alhakin yaƙi yana kan shugabanni. Mahaifiyarsa ta roƙe shi, maƙwabta suka yi ta ba shi baki. Maganar iyali ita ta fi yi masa nauyi, domin babbar 'yarsa da Franziska ba ta cika shekara shida ba. Duk da haka ya ga ba zai iya ceton gidansa ta hanyar zub da jinin mutanen da ba su yi masa kome ba.

Da takardar kira ta sake zuwa, sai ya kai kansa barikin Enns a farkon watan Maris na 1943, ya shaida musu ba zai yi yaƙi ba, amma ya yarda ya yi aikin jiyyar waɗanda suka ji rauni. Ba a saurare shi ba. Aka tsare shi a Linz, aka wuce da shi Balin, ran 6 ga watan Yuli kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Franziska ta yi doguwar tafiya a jirgin ƙasa ta gan shi na ɗan lokaci kaɗan, ganin da ba su sake yi ba ke nan.

Sauran wahalar ta faɗa kan matar. Ita ta ci gaba da riƙe gona da renon yara, ga kuma zargin mutanen gari, waɗanda ke cewa ita ta cusa masa ibadar da ta kai shi ga halaka. Da yawansu sun rasa 'ya'ya da mazaje a fagen fama, saboda haka suna ganin abin da ya yi tamkar tsine wa mamatansu ne. A 1946 aka kawo tokar gawarsa aka binne a jikin cocin da ya yi wa hidima. Kuɗin fansho na matan da yaƙi ya mayar gwauraye kuwa, ba ta same shi ba sai a 1950.

Hausawa sun ce kome nisan dare gari zai waye. A 1964 wani malamin jami'a Ba'amurke, Gordon Zahn, ya wallafa littafi a kan rayuwarsa, labarin ya bazu a duniya. A 1997 wata kotu a Balin ta soke hukuncin da aka yi masa. Sa'an nan ran 26 ga watan Oktoba na 2007, da iznin Paparoma Benedict na 16, aka yi babban taro a Linz inda Cocin Katolika ta sanya shi cikin sahun bayin Allah masu albarka. Franziska tana wurin, tana da shekara 94.

Ta rasu a watan Maris na 2013 bayan ta cika shekara 100, ba ta sake aure ba, ta kuma yi shekaru da yawa tana riƙe da aikin cocin da mijinta ya bari. An binne ta a harabar cocin nan na Sankt Radegund, inda masu ziyara daga ƙasashe dabam-dabam sukan taru ran 9 ga watan Agusta don tunawa da shi.