Me ya sa fentin bambar mota ke ɓarewa tun ba a je ko'ina ba?

Duk wanda ya shiga Suame Magazin a Kumasi ana saura mako biyu Sallah ya san yadda motoci ke layi a gaban masu feshin fenti. Direban tasi na jira, mai motar gida na jira, kowa so yake tasa ta fito fes ranar idi. Amma kafin wata ya zagayo sai ka ga bambar ta fara ɓarewa kamar ɓawon albasa, alhali ƙofa da bonet suna nan garau. Sidin da aka biya ya tafi, sai cacar baki tsakanin mai mota da mai fenti.

Matsalar daga robar take. Yawancin bambobin motocin yanzu da wata roba mai lanƙwasa ake yin su, in ka juya bayan bambar za ka ga an buga PP, ko PP+EPDM, ko TPO. Irin wannan roba ba ta son komai ya manne mata. Sabuwar bamba kuma, irin wadda ake sayowa a Abossey Okai a Akara, in ba a yi mata firaima tun daga masana'anta ba, takan zo da ragowar man da ake shafa wa mazubi don robar ta fita da sauƙi. Ido ba ya ganinsa, amma fenti ba ya zama a kansa.

Shi ya sa masu fentin da suka san aikinsu ke fara wanki kafin su taɓa samfefa. A cire bambar daga jikin mota, a wanke ta ciki da waje da sabulu da ruwan ɗumi. Wanda ya fara da guga, tura man kawai yake yi cikin ƙarcen. Gwajin ba wuya: a watsa mata ruwa, in ya dunƙule ɗigo-ɗigo to da saura, in ya shimfiɗu ta wanku. Daga nan a goge da ruwan goge roba. Ban da tina mai ƙarfi, domin roba na shanye ta, daga baya rana ta buga, ta taso a ƙarƙashin fenti ta yi ƙuraje.

Samfefa mai laushi ake so, lamba 400 zuwa 600. Mai kaushi tayar wa robar gashi take yi. In akwai lotsawa, a ɗumama wurin a turo shi daga baya. Fotin da ake cike jikin ƙarfe da shi kuwa bai dace a nan ba, yana bushewa ƙaƙau, ranar da bambar ta ɗan lanƙwasa a ramin hanya sai ya tsage. Akwai na roba musamman.

Inda aka fi yin ha'inci shi ne wajen sinadarin da ke kama roba da fenti. Feshi ne siriri, sau ɗaya ko biyu, kuma galibi ba shi da launi, don haka in an tsallake shi mai mota ba zai gane ba sai aiki ya lalace. Haka ma ruwan da ake zubawa cikin firaima da fentin ƙyalli na ƙarshe don su riƙa lanƙwasa tare da robar. Duka biyun ƙarin kuɗi ne, kuma gaskiya wani lokacin mu masu motar ne ke matse farashi har sai mai fenti ya rage wani abu.

Da hunturu akwai wata wahalar: roba in an goge ta tana janyo ƙura, feshi a fili kuwa sai bambar ta fito da tsakuwa-tsakuwa.

Kafin ku shirya kuɗi, Alhaji, ka ce a nuna maka gwangwanin sinadarin robar, kuma kada ka tsaya a kan mai fenti kana cewa yau-yau. Bayan ka karɓi mota, ka gaya wa yaran wurin wanki su nisanta injin ruwa mai ƙarfi daga gefunan bambar, folish kuma a bari sai bayan kamar wata guda.