Ko Kun Sani? Iska ce ke sanyaya injin babur

Yawancin baburan da ke kan hanya a ƙasar Hausa, irin su Bajaj Boxer da Jincheng, ba su da lagireto. Fikafikan ƙarfen da ke jere a jikin injin su ne ke miƙa zafinsa ga iskar da ke wucewa. Shi ya sa babur ya fi galabaita idan an bar shi a kunne cikin cunkoso, musamman daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri. Laka ko maiƙo da suka toshe fikafikan nan suna ƙara dagula lamarin.

Baƙin mai ma yana kwashe zafi daga cikin injin. Zafi na tsinka shi, ya kuma tsufar da shi da wuri, don haka jinkirta juye a bazara ganganci ne. Watsa wa inji ruwan sanyi yana tsaka da zafi kuwa na iya tsaga ƙarfen.

Ba inji kaɗai zafi ke shafa ba: iskar taya tana ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin 100 duk sa'ad da zafi ya ƙaru da digiri 5 zuwa 6. Da safe ake auna ta, kafin a hau. Ba a sace iskar tayar da ta yi zafi, domin taya mai ƙarancin iska ta fi ɗaukar zafi da saurin fashewa.

Shi ma mahayi, idan zafi ya wuce digiri 35, iskar gudu ɗumama jikinsa take yi, tana busar da gumi ba tare da ya ankara da ƙishirwa ba.