Yadda Kalangu Ke Magana da Yadda Kunne Ke Jin Daɗinsa

A ranar kasuwa a Dutsin-Ma ko Kurfi, ba wuya a ji kalangu yana tashi daga wayar wani tela ko mai shayi, galibi da muryar Alhaji Mamman Shata a kansa. Shata, haifaffen Musawa, ya rasu a 1999, amma waƙoƙinsa sun bi faifai zuwa kaset, daga kaset kuma suka koma cikin waya. Mai sauraro yakan kaɗa kai, wani lokaci har ya fassara abin da kalangun yake faɗa. To, ta yaya ice da fatar akuya suke furta abin da Bahaushe zai gane?

Asirin yana cikin harshen kansa. Hausa harshe ne mai karin sauti, watau hawa da saukar murya suna canza ma'anar kalma. Idan aka ɗaga murya a gaɓoɓi biyu na kalmar "kuka", ana nufin zubar da hawaye. Idan aka sauke ta a gaɓa ta biyu, an koma bishiyar da ake miya da ganyenta. Kalangu ba ya iya fitar da baƙi ko wasali, amma yana kwaikwayon wannan hawa da sauka. Wanda ya san taken, shi ke cika sauran a zuciyarsa.

Makaɗi yana yin haka ne da hammatarsa. An rufe bakunan kalangu biyu da fata, aka haɗa su da tsarkiya. In ya matse tsarkiyar, fatar takan ɗame, ta yi karkarwa da sauri, sauti ya yi sama. In ya sassauta, sauti ya sauko. Fatar kuwa tana jure wannan ja ne saboda wasu zaruruwa da ke saƙe a cikinta, waɗanda masana ke kira kolajin. Zaruruwan suna shan laima, shi ya sa ganga kan yi sanyin murya da damina, ta yi kaifi da hunturu. Ba abin mamaki ba ne da kalangu ya zama kiɗan mahauta tun asali, tunda fata a hannunsu take.

Karkarwar fatar tana tura iska, iskar ta doki wata 'yar fata a cikin kunne. Ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa motsin zuwa wani bututu mai kama da katantanwa, cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 16,000, jere bisa tsari: na bakin bututun suna amsa sauti mai kaifi, na can ƙurya suna amsa mai kauri. Su ne ke aika saƙo ga ƙwaƙwalwa.

Daɗin kuwa a ƙwaƙwalwa yake. A 2011 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada suka nuna cewa ƙwaƙwalwa tana sakin sinadarin dofamin yayin da mutum ke sauraron kiɗan da yake so. Abin sha'awa, tana fara sakinsa tun kafin a kai wurin da ya fi burge shi. Ke nan, jiran amshi wani ɓangare ne na daɗin waƙa, kuma 'yan amshin Shata sun san wannan da aiki tun kafin a auna shi.

Ƙwaƙwalwar tana da wata dabara kuma. Lasifikar waya ta yi ƙanƙanta ƙwarai, ba ta iya fitar da kaurin muryar ganga sosai. Sai dai kowace ganga tana fitar da wasu ƙananan sautuka a saman babban, kuma daga su ƙwaƙwalwa ke ƙiyasta wanda ya ɓace.

Wannan rashin kauri yakan sa matasa su ƙure ƙarar waya, ko su tsaya dab da lasifika a wurin biki. Ƙarar da ta kai desibel 85, in aka daɗe cikinta kullum, tana lalata ƙwayoyin nan masu gashi, kuma na sauti mai kaifi ne ke fara mutuwa. Alamar farko ita ce kunne ya riƙa ƙugi bayan an tashi daga wurin. Kaza da kifi suna sake tsirar da waɗannan ƙwayoyi in sun lalace. Na ɗan Adam ba sa dawowa.