Tsohuwar Kwamfuta Da Sabuwar Hanya A Birniwa

A shekarar 1930 ne hanyar jirgin ƙasa ta tashi daga Kano, ta bi ta Malam Madori da Birniwa har ta kai Nguru, gyaɗa da fatu suka sami hanyar zuwa teku. Yau kuwa wata hanya dabam ake bukata a ƙasar Haɗeja, watau intanet. Tun 2015 jarrabawar JAMB duka a kan kwamfuta ake yinta, saboda haka yaron da bai taɓa sa hannu a kan na'urar ba, ya shiga ɗakin jarrabawa da nauyi biyu. Ga shi kuwa a wasu gidaje akwai tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo, an lulluɓe ta da zane, ana tsammani ta gama aiki. To, sau da yawa ba ta gama ba.

Da farko ya kamata mai karatu ya san inda intanet mai sauri ya ke fitowa. A Amurka kamfanonin talabijin ne suka shigar da shi gidaje ta cikin wayar da ta ke kawo hoto. Mu a nan ba haka al'amarin ya ke ba. Manyan wayoyi na ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 waɗanda suka fara aiki a Legas a 2010, su ne tushe. Daga can wayar gilashi ta ke ɗauko saƙo zuwa Arewa, sa'an nan turakun kamfanonin waya su watsa shi cikin iska. Don haka mutumin Birniwa abin da zai nema shi ne ɗan akwatin nan da ake kira rauta, mai cin layin waya. Akwai masu ƙofar waya a bayansu, akwai marasa ita. Lalle a duba kafin a biya kuɗi.

Haɗawar ba wuya. A bayan kwamfuta akwai wata ƙofa mai kusurwa huɗu, ta ɗan fi ta tarho faɗi. Nan za a soka bakin waya ɗaya, ɗayan kuma a jikin rauta, sai a ga 'yar fitila tana ƙyaftawa. Wayar tana iya kai mita 100, watau ana iya rataye rauta kusa da taga inda ya fi samun ƙarfi, kwamfuta kuwa tana can cikin ɗaki. Ƙofofin dā akasarinsu suna ɗaukar megabit 100 cikin daƙiƙa ɗaya, wannan kuwa ya ishi ɗalibi har ya yi saura.

Inda gizo ke saƙa shi ne cikin na'urar kanta. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP a 2014, ya bar Windows 7 a 2020, Windows 10 ma a 2025. Kwamfutar da aka bari da XP, ko waya ta haɗu sarai, shafuna da yawa za su ƙi buɗewa, ɓarayin intanet kuwa ƙofa a buɗe suka samu. Kada mutum ya kuskura ya yi harkar banki da ita. A ganinmu magani mafi araha shi ne a kai ta wurin mai gyara a Haɗeja ko Kano, ya ƙara mata ƙwaƙwalwar aiki, ya sa mata Linux marar nauyi, kamar Lubuntu, wanda kyauta ake samunsa. Amma a kwashe takardu da hotuna tukuna, gama sabon zubi yana share na dā.

Saura ƙura da wuta. Lokacin hunturu a buɗe akwatin a hure fankarsa, don zafi shi ke kashe tsohuwar na'ura. Da damina kuma, in hadari ya taso, a zare fulogi daga bango, a zare wayar rauta ita ma, sai ruwa ya ɗauke.